Shin Kirista Zai Iya Rasa Ceto Bayan Ya Ja Da Baya? Abin Da Ya Kamata Majami'un Suleja Su Duba

Suleja gari ne da ya tara jama'a daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Tsadar haya a Abuja ta sa ɗimbin ma'aikatan gwamnatin tarayya sun mai da shi wurin kwana, su yi sammako su bi ta Madalla da Zuba zuwa ofisoshinsu, su dawo bayan magariba. Kowa kuwa da majami'arsa ya zo. Akwai Katolika da Angilika, akwai ECWA da Baptis da Methodist, ga kuma Deeper Life da Assemblies of God da sauran majami'un Fentikos. A unguwa guda sai a tarar da uku ko huɗu, kowacce da amsar da take bai wa tambaya guda: mutumin da ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, aka yi masa baftisma, daga baya ya ja da baya ko ya yi musun bangaskiyarsa, cetonsa yana nan ko ya tafi?

A wani wurin ana iya ɗaukar wannan tambaya a matsayin muhawarar ɗaliban makarantar tauhidi. A Suleja tana da nauyin da ya wuce haka. Ranar 8 ga Afrilun 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ta INEC da ke garin. A watan Yulin shekarar wani ya tashi a wata majami'a. Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, aka kai hari cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla daidai lokacin da masu ibada ke fitowa, mutum sama da 40 suka rasa rayukansu. Kwana shida bayan haka Shugaba Goodluck Jonathan ya ziyarci wurin, ya kuma sanya Suleja cikin ƙananan hukumomin da aka kafa wa dokar ta-ɓaci. A Disamban 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai a shari'ar da ta shafi harin. Limamin cocin a lokacin, Fada Isaac Achi, ya tsira a ranar, amma a 15 ga Janairun 2023 'yan bindiga suka ƙona shi a gidansa da ke Kafin Koro, a ƙaramar hukumar Paikoro.

Irin wannan masifa ba ta barin zukata yadda ta same su. Wasu takan ƙara musu ƙarfin bangaskiya. Wasu kuwa tsoro ko baƙin ciki ko fushi da Allah yakan hana su sake taka ƙofar majami'a. Idan irin wannan mutum ya rasu, ko ya dawo bayan shekaru yana neman a karɓe shi, dole iyalinsa da dattawan ikilisiya su ba da amsa, kuma amsar tana iya gina gida ko ta rusa shi.

Asalin gardamar

Ga mai karatun da ba Kirista ba, ceto a koyarwar Kirista shi ne gafarar zunubi da sulhu da Allah da rai madawwami, kuma kyauta ce ta alherin Allah ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa. Duk manyan ɗariƙu sun yarda da wannan tushe. Saɓaninsu yana kan ko wanda aka bai wa kyautar yana iya yar da ita.

Dalilin saɓanin shi ne Littafi Mai Tsarki yana ɗauke da ayoyi iri biyu. A Bisharar Yohanna sura 10 Yesu ya kamanta mabiyansa da tumakin da ba mai iya fizge su daga hannunsa, a ƙarshen sura 8 ta wasiƙar Romawa kuma Manzo Bulus ya jera masifu iri-iri ya nuna babu wadda za ta raba mai bi da ƙaunar Allah. A ɗaya gefen, sura 6 da sura 10 na wasiƙar Ibraniyawa suna gargaɗi mai tsanani ga waɗanda suka ɗanɗani kyautar sannan suka juya baya, Yohanna sura 15 kuma ta yi maganar reshen da ake sarewa idan bai zauna a jikin kurangar inabi ba. Duk malamin da ya riƙe kashi ɗaya ya yi kamar ɗayan ba ya nan, bai yi wa masu sauraronsa adalci ba.

Amsoshi uku aka gada daga Turai, kuma dukkansu suna da magada a Suleja. Ta farko ita ce ta Cocin Katolika, wadda Majalisar Trent ta fayyace a 1547: alherin da mutum ya samu yana iya kuɓuce masa ta hanyar ridda ko wani babban zunubi da ya aikata da saninsa da yardarsa, amma yana iya dawo da shi ta hanyar tuba da furta zunubi gaban limami. Ta biyu ita ce ta mabiya John Calvin, wadda taron Dordrecht a ƙasar Holan ya tabbatar a 1618 zuwa 1619: wanda Allah ya zaɓa yana iya faɗawa cikin mummunan zunubi, kamar yadda Dawuda da Bitrus suka faɗa, amma Allah ba zai bar shi ya hallaka ba, zai komo da shi, wanda kuwa ya tafi bai dawo ba, dama can bangaskiyarsa ta fatar baki ce. Majami'u irin su NKST ta ƙasar Tibi sun gaji wannan layi, Baptis da yawa ma a kansa suke game da wannan batu. Ta uku ita ce ta almajiran Jacob Arminius, wadda John Wesley ya yaɗa a ƙarni na 18: mai bi na gaskiya yana iya barin bangaskiya da kansa ya rasa ceto. Methodist da Assemblies of God da Deeper Life, wadda Fasto W. F. Kumuyi ya faro a Legas a 1973, a nan suka tsaya.

Shekara 400 ke nan ana wannan ja-in-ja, kuma ba a Suleja za a kashe bakinsa ba. Duk da haka akwai abin da za a iya faɗa ba tare da kame-kame ba. Gargaɗin da ke cikin Ibraniyawa an rubuta shi ne ga masu bi, kuma ba a gargaɗin mutum game da ramin da ba zai yiwu ya faɗa ba. Saboda haka fahimtar da ta fi dacewa da ayoyin gaba ɗaya ita ce mutum yana iya juya wa ceto baya da gangan, ya dage a kan hakan har ya mutu. Amma tuntuɓe daban, wannan dagewa daban. Shakka da tsoro da fushi da daina zuwa sujada, har ma da musun da aka matso daga bakin mutum da ƙarfi, babu ɗayansu da ya kai matsayin hukuncin ƙarshe.

Abin lura shi ne, a aikace amsoshin nan uku suna haɗuwa a wuri guda. Ɗan Katolika da ɗan Methodist za su ce wanda ya ja da baya yana cikin hatsari, ya tuba ya dawo. Mabiyin Calvin zai ce in na Allah ne zai dawo, don haka a kira shi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce wa mai rai ƙofa ta rufe, babu kuma wanda ya ce wa mai taurin kai ya kwanta ya yi barci. Haka nan babu wanda ya bai wa fasto ko dattijo ikon sanar da makomar wani a lahira.

Darasin Kartaj

A nahiyar Afirka aka fara gwabza wannan gardama da gaske, fiye da shekara 1,200 kafin taron Trent. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa a daularsa ya yi hadaya ga gumaka a gaban jami'an gwamnati, a ba shi takardar shaida. An gano kofen irin waɗannan takardu da dama a Masar. Wasu Kiristoci sun ƙi, aka ɗaure su ko aka kashe su. Wasu sun yi hadayar. Wasu kuma suka bi ta bayan fage, suka ba jami'i na goro ya rubuta musu takardar ba tare da sun yi ba, dabarar da ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san ofis.

Da tsanantawar ta lafa, sai waɗannan mutane suka cika ƙofar ikilisiya suna neman a karɓe su. A birnin Rum wani babban malami mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon sake karɓar wanda ya yi musun Almasihu, ya ware ya kafa tasa. A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, wasu sun so a karɓi kowa nan take ba tare da wata alamar nadama ba. Bishop Sifriyan da majalisar da ya tara a 251 suka bi tsakiya. Suka ce a duba kowane mutum da halin da ya shiga: wanda ya sayi takarda laifinsa bai kai na wanda ya yi hadaya ba, kowa ya yi tuba gwargwadon abin da ya aikata, kuma kada a bar mai tuba ya mutu ba a sulhunta shi ba. Shekara guda bayan haka, da aka hango wata tsanantawar na tafe, suka buɗe ƙofa ga dukkan masu tuba, bisa hujjar cewa ba a tura mutum fagen fama a hana shi guzuri. Sifriyan kansa an sare masa kai a 258 saboda ya ƙi yin hadaya, don haka ba wanda zai ce sassaucinsa na ragwanci ne.

A 314 majalisar da ta zauna a Ankira, wato Ankara ta yau, ta ƙara fayyace wani abu: wanda aka kama aka azabtar, aka danƙa masa kayan hadaya a hannu da ƙarfin tsiya alhali yana shaida shi Kirista ne, ba a hana shi Jibin Ubangiji. Majalisar Nikiya ta 325 kuwa ta yanke wa waɗanda suka yi ridda ba tare da an matsa musu ba horon shekara 12, sannan a karɓe su. Horon yana da tsawo ƙwarai, amma yana da ranar ƙarewa. Ra'ayin Nobatiyan shi ne ikilisiya ta ƙi, kuma ayar Ibraniyawa sura 6 da masu tsanani suke kafa hujja da ita, malamai irin su Ambros na Milan da Yohanna Kirisostom sun fassara ta da cewa ba a sake yi wa mutum baftisma ta biyu, ba wai an hana shi tuba ba.

Waɗanda aka tilasta wa

Nijeriya tana da nata masu takardar Desiyus. A daren 14 ga Afrilun 2014 Boko Haram ta sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, akasarinsu Kiristoci, da yawa 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Bayan wata guda ƙungiyar ta fitar da bidiyon da ya nuna da dama daga cikinsu sanye da hijabi, tana iƙirarin sun sauya addini. An sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, wasu sun kuɓuto daga baya ɗauke da 'ya'ya. A 19 ga Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata 110 a Dapchi, aka mayar da mafi yawansu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu domin, kamar yadda abokan karatunta suka shaida, ta ƙi barin addininta. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar CAN na Michika, a hannun waɗanda suka sace shi.

Daidai ne majami'u su girmama Leah da Rabaran Andimi. Hatsarin yana cikin yadda ake mai da jaruntakarsu sandar dukan sauran. Idan mai wa'azi ya ce Leah ta tsaya, sauran sun sayar da Ubangijinsu, ya koma layin Nobatiyan ko bai taɓa jin sunansa ba. Yarinya 'yar shekara 16 da aka ɗora wa bindiga a ka ba ta zaɓi komai ba. Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Wanda ke zaune lafiya a Kwamba ko Maje, bai taɓa kwana a daji a hannun masu garkuwa ba, ba shi da bakin auna bangaskiyarta.

Musulmin da ke karanta wannan ba zai ji baƙon abu ba. Aya ta 106 a Suratun Nahli ta keɓe wanda aka tilasta wa furta kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, kuma malaman tafsiri sun danganta saukarta da Ammar ɗan Yasir, wanda aka kashe iyayensa, shi kuma aka azabtar da shi a Makka. Haka nan tun ƙarnin farko na Musulunci aka yi gardama kan mai babban zunubi: Khawarij suka fitar da shi daga addini, Murji'a suka jinkirta hukuncinsa, Ahlus Sunna suka ce mai saɓo ne amma bai fita ba, al'amarinsa yana hannun Allah. Addu'ar da Bahaushe yake yi kullum ta neman cikawa da imani tana nuna ba ya ɗaukar ƙarshensa a matsayin abin da ya riga ya sa a aljihu. Addinan biyu sun bambanta a kan ma'anar ceto, amma dukkansu sun san bambancin harshen da aka matsa da zuciyar da ta juya.

Suleja kanta ta san tsadar yanke hukunci kan imanin wani. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yo kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Garin ne ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunansa bayan dokar 1976, ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau ya zama Suleja. A zamanin jihadin ne Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello suka yi musayar wasiƙu a kan wannan tambaya: al-Kanemi yana cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri, Bello yana amsawa da cewa abin da ake tuhuma ya wuce saɓo, ya kai ga cuɗa addini da shirka da taimakon masu yaƙar Musulmi. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya sake wannan shari'a. Abin ɗauka shi ne manyan malamai biyu sun ga tambayar ta isa a zauna a rubuta hujjoji a kanta shekara da shekaru. Bai kamata ƙaramin kwamiti ya gama da ita cikin minti goma bayan sujada ba.

Misali daga ofis

Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa saurin gane gardamar. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi shekara biyu ta gwaji kafin a tabbatar wa sabon ma'aikaci da aikinsa. Wanda aka tabbatar ba a korarsa don ya makara sau ɗaya ko ya yi kuskure a fayil. Amma idan ya ƙaurace wa aiki ba izini ya ƙi dawowa, takardar tabbatarwar ba za ta cece shi ba. Wannan ya yi kama da fahimtar Wesley. Mabiyin Calvin kuwa zai ce wanda ya ɓace ɗin ma'aikacin bogi ne tun asali, sunansa ne kawai a takardar albashi, irin waɗanda aka kawo tsarin IPPIS don a tace su.

Misalin yana da iyaka, domin ceto kyauta ce, albashi kuwa hakkin gumi ne. Sai dai akwai abu biyu da majami'a za ta koya daga ofis. Na farko, ba a korar ma'aikaci sai an ba shi takardar tuhuma an saurari bayaninsa. Na biyu, ikon kora yana hannun hukumar da ta ɗauke shi, abokin aikinsa na tebur na gaba ba shi da ta cewa. Idan tsarin ɗan'adam mai cike da kurakurai ya san wannan, abin kunya ne a ce gidan ibada ya yanke wa mutum hukuncin wuta ba a taɓa zuwa gidansa an tambaye shi abin da ya same shi ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi shafar masu riƙe da amanar jama'a. Koyarwar cewa wanda aka ceta an cece shi har abada, idan aka yanke ta daga tushenta, takan zama lasisi. Jami'in da ya amsa kiran bagade shekara 20 da suka wuce, yau yana karkatar da kuɗin kwangila, yana riƙe fayil ɗin ɗan fansho sai an ba shi wani abu, ranar Lahadi ya kawo zakka mai kauri a ba shi kujerar gaba, ba shi da mafaka a ɗaya daga cikin amsoshin nan uku. Katolika za ta ce yana cikin babban zunubi. Wesley zai ce yana kan hanyar hallaka. Malaman Dordrecht za su ce rayuwarsa tana sa a yi shakkar ko ya taɓa tuba. Bulus ya faɗa wa Titus cewa akwai masu shaida Allah da baki suna musunsa da ayyukansu. Wannan ja da baya ne da ba ya bayyana a rajistar halartar sujada, kuma ya fi na gwauruwar da baƙin ciki ya hana ta fita muni nesa ba kusa ba. Abin takaici, ita ake zama a kanta, shi kuwa ana sa shi shugabancin kwamitin gini.

Ga masu cewa sassauci zai lalata ikilisiya

Masu tsanani suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna cewa idan ƙofa a buɗe take kullum, kowa zai fita ya shiga yadda ya ga dama, a cika majami'a da tuban muzuru, jinin waɗanda suka mutu a Madalla kuma ya zama ba shi da daraja. Gaskiya ne ikilisiyar da ba ta da horo ba za ta daɗe ba, kuma Sifriyan bai yarda a karɓi mutane ba tare da alamar tuba ba. Amma horo magani ne, kuma ana auna magani da warakar mara lafiya. A wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, Bulus ya umarci ikilisiya ta yafe wa mutumin da ta hora ta ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon da ba shi da wa'adi, wanda ke ajiye mutum a bencin baya shekara da shekaru ba mai waiwayarsa, kora ce aka sake wa suna.

Littafin da ake gardama a kansa ya ba da misalai da suka isa. A dare guda Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, Yahuza Iskariyoti kuma ya bashe shi. Dukansu sun yi nadama. Ɗaya ya yanke ƙauna ya rataye kansa, ɗayan ya koma cikin 'yan'uwansa, aka sake danƙa masa kiwon garke. Yohanna Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiyar bishara, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, a wurin da ya yi kukan Dimas ya yashe shi saboda son duniya, a aya ta gaba ya roƙi a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Da a ce dattawan Antakiya sun rufe fayil ɗin Markus ranar da ya gudu, da sun yi kuskure. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma miyar mutum ba ta ƙarewa sai ransa ya fita.

Abin da ya rage a yi

Majami'un Suleja ba sa bukatar su daidaita tauhidinsu kafin su daidaita halinsu. Abu na farko shi ne a rarrabe, kamar yadda aka yi a Kartaj da Ankira. Wanda aka tilasta wa a hannun masu garkuwa yana bukatar likita da mai ba da shawara da wurin kwana, ba horo ba, 'ya'yan da aka haifa a daji kuma ba su da laifin kowa. Wanda masifa ta girgiza yana bukatar ziyara da haƙuri. Wanda ya faɗa zunubi yana bukatar horo mai wa'adi da hanyar dawowa a sarari. Wanda kuwa ya sauya addini da zaɓin kansa, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi wannan 'yanci, ko daga wane addini ya fito ko wane ya koma. Iyalinsa suna da damar yin baƙin ciki da addu'a da nasiha, ba su da damar duka ko barazana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abu na biyu ya shafi jana'iza. A wasu majami'u akan duba katin biyan kuɗin ƙungiya da rajistar halarta kafin a yarda a binne mutum, wani lokaci kuma mai wa'azi ya tsaya a kan gawa ya sanar da inda mamacin ya tafi. Kowace ɗariƙa tana da dokokinta na binnewa, amma babu wadda ta ba wa limami ilimin abin da ya gudana tsakanin mutum da Mahaliccinsa a sa'arsa ta ƙarshe. Cocin Katolika, da duk tsarinta na ayyana tsarkaka, ba ta taɓa ayyana wani mutum da sunansa a matsayin ɗan wuta ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ba shi da katin kowace ƙungiya.

Abu na uku yana kan mumbari. Mai wa'azin da ke razana jama'a kowace Lahadi cewa cetonsu ya zube saboda ɗan kunne ko rashin biyan zakka yana haifar da bayi masu firgici. Wanda ke tabbatar wa kowa cewa an gama komai tun ranar da ya ɗaga hannu yana haifar da ɓarayi masu kwanciyar hankali. Masu sauraro sun cancanci a karanta musu alkawarin da gargaɗin tare, yadda aka rubuta su.

Amsar tambayar ke nan: Kirista yana iya juya wa cetonsa baya idan ya zaɓi haka ya dage har ƙarshe, kuma wanda ya ɗauki wannan gargaɗi da wasa yana wasa da ransa. Amma sanin wanda ya kai wannan matsayi ba ya hannun fasto ko dattijo ko maƙwabci. Abin da aka damƙa wa ikilisiya shi ne ta gargaɗi wanda ke ciki, ta nemi wanda ya fita, ta kuma bar ƙofa a buɗe muddin yana numfashi. Da rai da rabo.